Ƙarfe Goma a Tudun Hatsi

Takarda talatin da bakwai na tura Legas,
gidajen da ke saye da sayar da kamfanoni.
Biyu suka amsa.
Ɗaya ta ce sai wani jiƙon,
ɗaya ta ce Talata, ƙarfe goma, in shirya da wuri.

An ce ƙofar ba ta buɗuwa sai da ɗan gida,
wanda kuka yi aji ɗaya,
ko kawu mai lambar manya a waya.
Ni kawuna Bappa Manu ne,
dillalin wake a Tudun Hatsi, gidansa Bolari.

Wata uku ina kwana da lissafi:
naira ta baɗi nawa take a yau,
bashi nawa kamfani zai ɗauka bai durƙusa ba.
In an ɗauke wuta in ci gaba da fitilar waya
har ladan ya yi kiran fari.

Ranar, sabis ɗin gida ya ƙi.
Na haye buhuna a rumfar Bappa
inda sanda huɗu ke tsayawa,
da kwat ɗin Babayo, hannunta ya shanye yatsuna,
ƙaiƙayi a wando, zufa a baki kamar gishiri.

Fuska uku a gilashin waya.
Mai tabarau ba ta tsaya gaisuwa ba:
"Matasa goma, kowa da sabon kamfani,
kuɗinka na isar uku.
Wa za ka ba jari?"

Duk abin da na haddace ya watse
kamar tsaki a gaban kaji.
A ƙasa ɗan dako na ihun "Hanya! Hanya!"
Na buɗe baki, Turancin littafi ya ƙi fitowa,
sai Inna Dudu ta fito sarari.

Na ce, kakata a Kumo ta sayar da bijimi biyu
ta raba kuɗin ga yara tara.
Ba ta cin ruwa, rabon riba take.
Biyar sun karye,
biyu sun dawo da uwar kuɗi ba ƙari,

ɗaya ya shiga motar Fatakwal, har yau shiru.
Na taran, Sambo mai injin niƙa,
yanzu tirelarsa uku a hanyar Ashaka.
Da kason Inna a cikinsu na yi digiri.

Ba ta sauraron zaƙin bakin yaro.
Takan aika a tambayi mai ƙosai ko yana biyan bashi,
a juya mudunsa a duba gindin,
a ga yadda yake kwana ranar da kasuwa ta yi tauri.

Bappa kuma hannu yake zurawa har gwiwa,
ya ce saman buhu kwalliya ce,
a ƙasa ƙwaro ke ɓoye asiri.

Na ce, ku ba ni goman, in bi su haka.
Sauran lissafin na iya, ku gwada ni.

Shiru.
Mai gemu ya rubuta wani abu.
Mai tabarau ta ce, "Innar tana raye?"
Na ce ta rasu bara,
littafinta zanen gawayi ne a bangon ɗaki,
an shafe shi da farar ƙasa kafin sadakar bakwai,
ban ɗauki hotonsa ba, na yi ta cewa bari.

Suka ce za su kira. Gilashi ya yi baƙi.
Na sauko, ƙafafuna na rawa.
Bappa na ɗinke bakin buhu, bai ɗago ba:
"Nawa suka taya?"
Na ce ba su taya ba tukuna.
Ya ciji zare ya tofar.
"To ba albarka, ba sallama.
Wanda ya zura hannu har ƙasa yakan dawo.
Cire kwat ɗin mutane, riƙe min nan,
motar Dukku na jira, yi sauri."